Bauchi a Zamanin Sule da Sisi: Amsoshin Tambayoyin da Matasa Suka Fi Yi Mini

Da wuya a watse daga majalisarmu ta ƙofar gida bayan sallar isha'i ba a taɓo tsadar masara ko kuɗin mota ba. Da an taɓo kuwa, sai wani cikin samarin ya gyara zama ya ce, "Baffa, wai da gaske ne a zamaninku da naira ɗaya mutum zai yi cefane har a ba shi canji?" Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, bakunan da ke yin su ne kawai suke sauyawa. Shi ya sa na ga ya kamata in tattara su wuri ɗaya in amsa gwargwadon abin da na gani da wanda na ji daga iyayena. A cikin ganuwar Bauchi aka haife ni, na yi wayo ana gab da barin fam da sule, na yi samartaka a mulkin Shagari.

Wane lokaci kake nufi idan ka ce "zamanin da"?

Kowa da nasa da. Na kakata shi ne zamanin En'e, lokacin da dogari ɗaya da jan rawaninsa ya isa ya tsayar da hayaniyar kasuwa, lokacin haraji da jangali. Nawa ya kama daga wajen 1970 zuwa 1990. A farkonsa muna cikin Jihar Arewa maso Gabas, hedikwata tana Maiduguri. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala ya ba mu Jihar Bauchi, kuma Gombe da Kaltungo da Billiri da Dukku duk namu ne a lokacin, har zuwa 1 ga Oktoba 1996 da aka yanke Jihar Gombe. Don haka in na ce Bauchi a nan, sau da yawa har da Gombe nake nufi.

Mene ne sule, sisi da taro da tsofaffi suke ambata?

Kafin 1973 da fam ake ciniki, irin lissafin Ingila. Kwabo 12 shi ne sule, sule 20 shi ne fam. Rabin sule sisi ke nan, kwabo 6. Rabin sisi taro, kwabo 3. Sisi da taro in aka haɗa su a ce nai. A ƙasan kwabo akwai ɗari, wato rabin kwabo, sannan anini, wanda sai ka tara goma kafin ka sami kwabo guda. Tsohon kwabo yana da huji a tsakiya, mata kan zura su a zare su ɗaure a lalita ko a bakin zane.

Ran 1 ga Janairu 1973 gwamnatin Gowon ta kawo naira da sabon kwabo. Fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, sisi kwabo 5. Nan fa aka sha rikici da tsofaffi. Goggona, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta yi watanni tana tambayar mahaifina, "Yaya, sule dai kwabo goma sha biyu na sani. Yanzu an ce goma. To, biyun wa ya ci?" Ya yi bayani har ya gaji cewa sabon kwabo ya ɗara tsoho nauyi, ita dai ba ta yarda ba.

Abin sha'awa, kuɗin ya tafi amma sunayen sun ƙi tafiya. Shekaru da yawa bayan haka kwabo 10 sule ake ce masa, kwabo 25 sule biyu da sisi, naira 2 fam guda. A kasuwar shanu kuwa har kwanan baya dillalai da jaka suke lissafi, jaka guda naira 200, domin asalinta fam 100 ce. Takardar naira 20 ta fito a Fabrairun 1977 da hoton Murtala, aka sa mata suna 'yar Murtala, kuma ita ce babbar takarda a ƙasar nan har 1991 da naira 50 ta fito. Ku auna wannan: shekara 14 ƙasa guda tana ciniki, babban kuɗinta naira 20. Mu 'yan Bauchi naira 5 muka fi so, don tun 1979 hoton Abubakar Tafawa Ɓalewa ne a jikinta.

Da gaske ne komai arha ne a lokacin?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a saurari amsarta har ƙarshe, domin rabinta ne yake yawo a bakin mutane.

Rabin farko gaskiya ne. Litar fetur kwabo 15 da 'yan ɗigo ce daga 1978, ta koma kwabo 20 a 1982. A 1980 dalar Amurka ba ta kai kwabo 60 ba a farashin gwamnati, wato naira ce a sama. A 1981 aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata. Ɗauki alƙalami ka raba: masinja a ofis yana iya sayen fetur sama da lita 800 da albashinsa na wata ɗaya. Yaro kuma in aka ba shi sule da safe, zai ci masa ya sha kunu ya wuce makaranta da ƙarfinsa.

Ga rabin da ba a faɗa. Mutum nawa ne suke ɗaukar naira 125 ɗin? Ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni ne kawai, don dokar ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba. Mafi yawan mutanen jihar manoma ne, kuɗi yana shiga hannunsu sau ɗaya a shekara, in an sayar da auduga ko gyaɗa. Daga nan sai a biya haraji, a yi wa iyali ɗinkin salla, a ajiye na taki, shi ke nan sai baɗi. Na san gidaje a unguwarmu da sai su yi sati ba a ga takardar naira ɗaya a cikinsu ba. Sulen da nake cewa yaro zai ci masa da shi, ba kowane yaro ake ba shi ba. Da yawa ɗumamen tuwo ne karin kumallonsu, su tafi makaranta ba takalmi, allo ko littafi a ka.

Sannan bukatun ma ba su da yawa. Ba kati, ba data, ba man janareta, ba ruwan leda. Magidanci yana da riga biyu ko uku, ɗaya ta Juma'a da salla. Keken Raleigh dukiya ce da ake gadonta. Gidan da yake da rediyo mai kaset sananne ne a layi.

Saboda haka ni ba na cewa da arha ake. Abin da nake cewa shi ne kuɗi yana da wuyar samu, amma in ka same shi yana zama. Wanda ya ajiye naira 100 a asusu don auren 'yarsa baɗi, in baɗin ta zo zai tarar da kuɗinsa da sauran ƙarfinsu. Mutum yana iya tsara rayuwarsa ta shekara biyar gaba. Wannan natsuwar ita ce aka rasa, kuma ita nake yi wa 'ya'yanmu kuka, ba farashin masa ba.

To yaushe abin ya fara lalacewa?

Ba dare ɗaya ba ne. Ni a ganina alamar farko ta zo ne cikin rigar alheri. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da ariyas na watanni. Gari ya cika da sababbin babura, Honda da Suzuki da Vespa, da rediyoyi da agoguna, aka yi ta ɗaura aure. 'Yan kasuwa suka ga kuɗi a hannun mutane, farashi ya tashi, kuma bai sake sauka ba. Manomi bai sami Udoji ba, amma ya biya tsadar Udoji. Samari da dama suka ajiye fartanya suka nufi birni neman aikin albashi.

Da farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya, a 1982 gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu. Kantuna suka fara bushewa. A 1983 ga fari, ga cutar bushiya da ta kashe shanun Fulani ba adadi. Da soja suka karɓi mulki ran 31 ga Disamba 1983, sai aka shiga zamanin layi: layin shinkafa, layin madara, layin sukari da sabulu, soja na tsaye da dorina. A Afrilun 1984 kuma aka wayi gari an rufe iyakoki an canza launin takardun kuɗi, aka ba mutane kwanakin da ba su kai sati biyu ba su kai tsofaffin banki. Ku tuna bankuna a lokacin 'yan kaɗan ne, kuma a manyan garuruwa suke. Na ga dattawan ƙauye da Fulani sun kwana a bakin banki da kuɗi a cikin buhu. Na san wani dattijo mai sayar da goro da labari bai kai masa da wuri ba, ya tono tukunyarsa bayan wa'adi ya wuce. Bai sake tsayawa da ƙafarsa a kasuwa ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Babbar guguwar ita ce ta 1986, shirin SAP na Babangida, wato na sauya fasalin tattalin arziki. Aka saki naira a kasuwa, fetur ya koma kwabo 39 da rabi a shekarar, ya kai kwabo 70 a 1991, ya kai naira 11 a 1994. Daga nan kwabo ya fara zama abin wasan yara.

Me ake ci a gida?

Tuwon dawa da na gero, miyar kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa, da daddawa mai kyau. Masara ba ta mamaye tukunya ba sai da takin zamani ya yawaita. Shinkafa abincin salla ce da biki, ko ranar da aka yi baƙo na musamman. Shayi da burodi da madarar Peak da sukarin kwali na gidan ma'aikata ne, ko teburin mai shayi a tasha. Nama kuwa, yanka ɗaya a miya na maigida ne, yaro sai in ya rage masa.

Amma masa, wannan tamu ce tun fil azal. Kanawa su ce waina, mu mu ce masa, kuma duk wanda ya ci ta Bauchi da miyar taushe ko da ƙuli da yaji ya san akwai bambanci. Asirin yana wajen jiƙon da kwanan ƙullun, da tandar ƙasa wadda ta sha mai ta yi baƙi. Tun asuba za ka ga hayaƙi na tashi daga zaurukan masu suya a Jahun da Nasarawa da Kobi, yara sun yi layi da kwanoninsu. Matafiyi daga Jos zuwa Gombe in bai tsaya ya yi guzurinta ba, sai an tambaye shi dalili a gida.

Yaya ake tafiye-tafiye?

Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961 daga Kuru, ya kai Gombe a 1963, ya dangana da Maiduguri a 1964. Ranar da jirgin fasinja zai shigo, tasha kasuwa ce guda: masu fura, masu rake, masu dafaffen ƙwai, 'yan dako, da mu yara da muka zo kallo kawai. Jirgin ba ya sauri, yakan makara sosai, amma talaka yana iya ɗaukar iyalinsa da buhunan hatsinsa da akuyarsa ya kama hanyar Kafanchan, daga can ya yi kudu ko ya yi Kaduna, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Shanu da auduga da gyaɗa ma ta nan suke bi. Duk sanda na wuce na ga ciyawa ta rufe dogo, raina yana ɓaci, don na san yawan tirelolin da ke farfasa titi suna kashe mutane a yau aikin wancan dogon suke yi.

A kan titi kuwa akwai manyan motoci masu bodin katako, fasinja a saman kaya, da a-kori-kura ta zuwa kasuwannin ƙauye. Da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna a 1975, ita ta zama sarauniyar hanya. Daga baya jiha ta kawo motocin Yankari Express. Wani abin da yara ba su sani ba: da a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya. Ran 2 ga Afrilu 1972 aka koma hannun dama, bayan an yi watanni ana gargaɗi da waƙe-waƙe a rediyo.

Wane aiki samari suke samu?

Wanda ya gama sakandare ko kwalejin horon malamai a ƙarshen shekarun 1970 bai san zaman jiran aiki ba. Sabuwar jiha tana neman akawu da malamin gona da malamin asibiti, shirin UPE na 1976 kuma, wato na ilimin firamare kyauta ga kowa, ya buɗe makarantun firamare a ƙauyuka har malamai suka yi kaɗan. A 1980 aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Bauchi, wadda a 1988 aka sa mata sunan Tafawa Ɓalewa.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne muna ƙera abubuwa. A nan Bauchi kamfanin Steyr, na haɗin gwiwa da mutanen Ostiriya, yana harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Na ga tarakta sabuwa fil ta fito daga ƙofar masana'anta, yaran unguwarmu ne suka ɗaura mata ƙafa. Akwai masana'antar nama ta gwangwani. Ashaka ta fara fitar da siminti a 1979. Gombe kuwa auduga ce ta gina ta: injin gurzar auduga yana aiki tun shekarun 1950, lokacin kaka motoci su yi jerin gwano daga Kumo da Dukku da Bajoga, fararen tsibin auduga kamar duwatsu a filin awo. Wannan audugar ake kai wa masaƙun Kaduna, ta dawo mana a matsayin atamfa da yadi. Kuɗin yana zagayawa a tsakaninmu. Da masaƙu suka mutu, manomin auduga ya mutu tare da su, dillali da ɗan dako da mai abincin bakin masana'anta duk suka bi.

Ba waya, ba intanet. Ta ina kuke jin labari?

Rediyo. Ba a raba dattijon Bauchi da rediyonsa, yana rataye a kafaɗa ko a ƙahon keke, an ɗaure batiran da roba. Da asuba BBC, wadda ta fara Hausa tun 1957, sai Muryar Jamus, daga 1979 kuma Muryar Amurka ta shigo. Da rana Rediyon Kaduna, wanda a Arewa duka maganarsa kamar yankan wuƙa take. Ga kuma gidan rediyon jiha, inda ake jin sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da cigiyar yaro ko saniyar da ta ɓata. Mutane sun san muryoyin masu karanta labarai kamar na 'yan uwansu. Shirin zaɓi-sonka kuwa shi ne dandalin zumunta na lokacin: ka sayi kati, ka jera sunayen abokanka na Azare da Misau da Deba, ka zauna sati biyu kana jiran a ambace ka. Ranar da aka karanta, har gida ake zuwa yi maka barka.

Jarida ta masu boko ce, amma ba su kaɗai suke amfana ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, in ta iso gari mutum ɗaya ne zai karanta da ƙarfi a gindin bishiya, goma suna saurare suna tsoma baki. Kwafi ɗaya sai ya zaga unguwa, a ƙarshe ya ƙare a wajen mai tsire ko mai ƙosai. 'Yan boko kuma suna riƙe da New Nigerian ta Kaduna.

Saƙo tsakanin dangi sai wasiƙa. Ka sayi kan sarki a gidan waya, ka rubuta lambar akwatin wata makaranta ko ofis, don gidaje ƙalilan ne suke da akwatin kansu. Wanda bai iya rubutu ba ya sami ɗan makaranta. Ni kaina na rubuta wa tsofaffin unguwarmu wasiƙu ba iyaka, kowace ta fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri kafin a zo ga bukata a layi biyu na ƙarshe. Nan na fara sanin cewa manya ma suna kuka. In aka ce an bugo wa gidan wane tangaraho kuwa, gaban kowa sai ya faɗi, don ba a cika bugo shi a kan alheri ba. A cikin gari, sanarwar fada tana bi ta hannun masu unguwanni da mai shela.

Labari yana zuwa a makare, gaskiya ne. Amma kafin ya zo an tace shi, kuma an san bakin da ya faɗe shi.

Wane labari ne ya fi girgiza gari?

A wajen iyayenmu, Janairun 1966. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan gari ne, tsohon malami kuma shugaban makarantar Midil ta Bauchi, mutane da yawa ya koyar da su ko ya koyar da 'ya'yansu. An yi kwanaki ba a san inda yake ba bayan juyin mulkin 15 ga wata, sannan aka kawo gawarsa gida. Mahaifiyata ta ce ba ta taɓa jin Bauchi ta yi shiru irin na ranar ba.

A nawa sanin, 13 ga Fabrairu 1976. Kwana 10 kacal da ba mu jiha, ana cikin murna, sai rediyo ya kama kiɗan soja. Duk wanda ya rayu a lokacin ya san ma'anar wannan kiɗa da sassafe: a dawo da yara daga makaranta, a rufe shago, a zauna kusa da rediyo. Aka kashe Murtala ranar Juma'a. Yara maza da aka haifa a shekarar, da yawansu sunansa suka ci.

Mutanen Gombe kuma ba za su manta da Afrilun 1985 ba, lokacin da rikicin 'yan Maitatsine ya ɓarke a Pantami, bayan na Kano a 1980 da na Bulunkutu da na Jimeta. An yi asarar rayuka da yawa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka zamanin da duk zaman lafiya ne.

Da me kuke nishaɗi?

Da farin wata, da farko. 'Yan mata a dandali suna gaɗa, samari suna langa da kokawa, ƙanana suna gindin kaka ana gatanan gatanan ku. Da azumi ya kai goma sai tashe. Bayan girbi 'yan dambe su zo gari, Fulani su yi sharo a bayan kasuwa. Da salla kuwa kowa ya nufi ƙofar fada kallon hawa. Na ga hawan Sarki Adamu Jumba ina kan wuyan kawuna, na ga na Sarki Sulaimanu Adamu, wanda ya hau a 1982, da ƙafafuna.

Sai majigi. Motar ma'aikatar yaɗa labarai ta zo filin makaranta, a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake noman auduga ko amfanin allurar rigakafi, mai bayani yana yi yana ba da dariya. Silima kuma ta kuɗi ce, ba rufi, fim ɗin Indiya da na 'yan Sin masu faɗa. Ba ma jin yaren, amma gobe a makaranta wanda ya gani zai ba da labarin tun daga farko har mutuwar bos. Sai dai a gidaje irin namu zuwa silima abin kunya ne, yaron kirki ba ya so a gan shi a ƙofarta.

Kaset ya kawo mawaƙa har cikin ɗaki. Shata shi ne na kowa da kowa, direba da attajiri da malamin makaranta. Ɗanmaraya na Jos da kuntiginsa kamar ɗan gida yake a wajenmu saboda kusanci, kuma waƙoƙinsa na talaka ne, na ɗan adam da halinsa. Ɗanƙwairo na sarakuna, Haruna Uji da gurminsa na masoya, Barmani Coge ta mata a gidan biki da ƙwaryarta. Kada kuma a manta garin nan garin rubutacciyar waƙa ne, garin Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958 amma dattawa suna kawo baitocinsa a hira kamar jiya ya rubuta.

Talabijin ta shigo mana a ƙarshen shekarun 1970, baƙi da fari, sai la'asar take buɗewa, ta rufe da taken ƙasa kafin dare ya raba. Gidan da yake da ita, yaran layi duka nasa ne. Mu zauna a ƙasa a tsakar gida, a ce sai wanda ya wanke ƙafa. Ranar wasan Samanja ko na Karkuzu ko na Ƙasimu Yero, ko tari ba a so a yi.

Ƙwallo fa?

A rediyo muka fi ganinta, in ji masu iya magana. Haka muka bi wasan da Green Eagles suka ci Aljeriya 3 da nema suka ɗauki kofin Afirka a Legas a 1980. Namu na gida ya zo daga baya: Wikki Tourists ta ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa a 1998, a 1999 kuma filin wasa na Tafawa Ɓalewa ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya. Ba wanda ya damu da kulob ɗin Ingila a lokacin.

Aure ya fi sauƙi?

Ya fi, amma ba kyauta ba ne. Lefe akwati ɗaya ne ko kwalla, turamen atamfa 'yan kaɗan, kallabi, takalmi, sabulu, turaren Bintu Sudan. Nauyin yana kan uwar amarya, wadda tun yarinya tana ƙarama take tara kwanoni da tasoshi da fanteka da kuɗin adashi da na sana'ar cikin gida. Jeren kwano a bango da gado mai rumfa su ne alfaharin ɗaki. Abin da ya sauƙaƙa shi ne gudummawa: dangi da maƙwabta kowa ya kawo abin da ya samu, kuma ango ba ya neman gidan haya, ɗaki ake gina masa a gidan ubansa. Ɓangaren da ba na kewa shi ne yadda ake cire yarinya daga aji a aurar da ita ba a tambaye ta ba. 'Yan ajinmu mata masu ƙwaƙwalwa da yawa haka karatunsu ya tsaya.

Lafiya da ruwa da wuta fa, sun fi na yanzu?

A asibitin gwamnati ana ba da magani kyauta, har da abinci ga wanda aka kwantar. Wannan gaskiya ne. Amma asibitocin nawa ne? Mai naƙuda daga ƙauye a kan jaki ko amalanke ake ɗauko ta, wata ba ta isowa. Baƙon dauro in ya shigo unguwa da bazara, sai ya ɗauki yara biyu uku a gida ɗaya. Akwai tsofaffi masu zanen agana a fuska, akwai sanƙarau lokacin zafi. Kurkunu kuwa, a ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ɗauke da shi sama da 600,000 a Nijeriya, manomi ya kwanta da damina ƙafa a kumbure gona ta lalace. Sai a 2013 aka tabbatar an rabu da shi. Mahaifiyata ta haifi tara, biyar muka girma, kuma ba a ɗauke ta a wadda ta fi kowa rashi ba.

Wutar NEPA ta fi zama a inda ta kai, sai dai ba ta kai ko'ina ba. Yawancinmu da fitilar ƙwai ko aci-balbal muka yi karatu. Ruwa kuma rijiya ce da 'yan ga-ruwa, famfo na bakin titi, kafin madatsar Gubi ta fara shayar da gari.

Ina zan je in ga abin da ya rage na wancan zamani?

Fara da kabarin Tafawa Ɓalewa a nan cikin gari, akwai ɗakin da aka ajiye kayansa da hotunansa. Zaga ƙofofin ganuwa, Ƙofar Ran da Wunti da Nasarawa da Jahun da Inkil, ka tambayi dattawan da ke zaune a wurin inda ganuwar ta bi kafin gine-gine su cinye ta. Je tashar jirgin ƙasa ta Bauchi ko ta Gombe ka ga gine-ginen da ma'aunin kaya. In ka sami hali ka bi hanyar Dindima zuwa Yankari, wadda aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ka yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki inda 'yan makarantar zamaninmu suke zuwa yawon buɗe ido a bayan babbar mota.

Amma kafin duk wannan, shiga ɗakin kakarka in tana raye. Ka gaishe ta da kyau, ka zauna a ƙasa, ka ce, "Kaka, buɗe mini kwallar nan ta ƙarƙashin gado." Akwai yiwuwar ka tarar da kwabo mai huji, da tsohon katin awo na asibiti, da hoton baƙi da fari na kakanka tsaye kusa da kekensa. Ka kunna abin ɗaukar murya na wayarka, ka tambaye ta nawa aka biya sadakinta da kuma abin da aka saya da shi.